Kawunan Ɗan Gajere

Shekara goma Tambari yana tara 'yan tsanan roba na Ɗan Gajere, gwanin barkwancin da ake zanawa a bayan jarida. Da aka mayar da shi koyarwa Kalgo a 1991, ya bar wa yayarsa Indo ajiyarsu a Gwandu.

Da hutu ya buɗe akwatin. Suna jere, an goge su tas, amma babu mai kai ko ɗaya.

"Adda! Mi ya same su?"

Ta ce, "Mala'iku ba su shiga gidan gumaka. Malam ya ce in an cire kai, shi ke nan."

Tambari ya yi salati.

Ta miƙo masa gwangwanin madara. "Ga kawunan. Ni ba ni cin amana."