Kwanon Rufi a Kan Allon Dutse

Kowa a tsibirin nan ya san aikin jajibirin guguwa: a ja kwale-kwale tudu, a rufe tagogi da kwano, a ɗaure tamau. Tsoho Seitoku gwanin ɗauri ne, ga karambani kamar me. Da ya gama da gidansa sai ya tuna da allon da aka kafa a kan dutse, ya ce ai ba a bar abu tsirara haka ba. Ya hau da kwanon rufi ya lulluɓe shi, ya murɗe igiyar ƙarfe da filaya, ya sauko yana jin ya yi abin kirki.

Allon nan madubi ne, amma ba na duba fuska ba. Ƙananan ƙwayoyinsa ke karkata saƙon tauraron ɗan'adam su jefa shi bayan dutse, lungun tekun da waya ba ta kamawa a da. Can matarsa Tsuru ke yankan ciyawar ruwa tun safe.

A bakin tashar jiragen ruwa ya ci karo da Yuna, injiniyar da ke kula da allon, tana ta latsa waya.

"Baba, guguwar ta sauya hanya, kafin la'asar tana nan. Na tura wa kowa saƙo, amma bayan dutse shiru. Allon ya mutu, ban san dalili ba."

"Wane irin mutu? Lafiyarsa ƙalau, ni na rufe shi da kwano."

Ta zuba masa ido. "Kwano, Baba? Ai ƙarfe tare saƙo yake. Wa ke can?"

Matarsa ce ke can. Tsuru ta daina kallon sama tun da aka kafa allon. Kullum cewa take, in wayarta ba ta yi kuka ba, ba abin da zai taso ta.

Ya juya da gudu ya haye saman dutsen. Iska har ta fara kaɗa kwanon. Ya laluba aljihu, ashe ya bar filaya a gida. Ya kama igiyar da hannu, ta yanke shi, ko gezau ba ta yi ba.

Ya leƙa ƙasa. Ga kwale-kwalenta can, ɗan mitsitsi, ta sunkuya tana aikinta hankali kwance, ta ba hadarin baya. Ya ƙwala mata kira, iska ta maido masa da muryar. Tsoro ya kama shi sosai, ya sa haƙori a igiyar.