Furen Lilak a Gonar Tarbel

Ga wata nan na kawo muku.

Ta iso, kunnuwanmu na nan.

A shekarar da ɗana Virgil ya sayi tsohuwar gonar Tarbel a nan jihar Nebraska, wasu tsofaffi mata biyu suka sauka a ƙofarmu, Orpha da ƙanwarta Lavina. Kabarin kakar kakarsu suke nema, wadda ta zo da keken shanu tun ƙasar nan ba ta san garma ba. Ko sunanta ba su sani ba. Duk inda suka bi, a coci ko wajen dangi, matar Enos Tarbel kawai ake ce mata. Haka suka sa aka sassaƙa a dutsen kabarin da suka taho da shi a bayan mota.

Virgil ya ce da zarar ƙasa ta sha iska zai nome filin duka, amma zai bar musu wuri ɗaya. Su zaɓa.

Tsohon gidan gonar ya daɗe da rushewa. Abin da ya rage sai wani kurmin furen lilak mai ƙamshi, da itacen sida guda can kan tudu.

Orpha ta nufi lilak ɗin kai tsaye. "Nan take. Wa zai shuka fure haka in ba don mamaci ba?"

"Yaya, ke da ko gidanki sai kin yi tambaya kike ganewa," in ji Lavina.

"Rufe mana baki, auta. Riƙe jakata."

Orpha ta durƙusa ta yi addu'a har da 'yar ƙwalla. Virgil ya fara haƙa inda za a kafa dutsen. Shebur ya fito da fasasshen kwano, sai kwalaben magani, sai tsohon takalmi. Lavina ta ɗauki kwalba ɗaya ta juya ta, ta dubi furen.

"Yaya, a gidan Kaka, ina lilak yake?"

Sai a lokacin Orpha ta tuna. A bakin masai yake, kamar na kowa a da, don ƙamshinsa ya danne wari. Cikin ramin kuma ake watsa duk abin da ya fashe.

"To, kin yi wa masai addu'a mai kyau," in ji Lavina, tana miƙa mata hannu ta tashi.

Sai suka hau tudun. Mutanen zamanin da, itacen sida suke dasa wa matattunsu, don ba ya kaɗe ganye ko cikin ƙanƙara. A gindinsa ƙafar Lavina ta ci karo da wani faffaɗan dutse. Suka kankare ƙasar da cokalin shayina. An karce suna a kansa da ƙusa: Keziah.

Virgil ya nome lilak ɗin, ya bar tudun. Masassaƙi ya ƙara sunan a saman dutsen. Orpha ta rasu bayan shekara biyu. Lavina tana birnin Omaha wajen 'yarta, duk bazara tana zuwa cire ciyawa. Cokalina kuwa ya lanƙwashe, yana nan a kicin.