Majanyin Ɗan Fari

Ranar da Lirwanu ya shigo gida da kwamfuta, sai da ya sa matarsa Sa'a ta wanke hannu kafin ta taɓa. Ta wanke, ta goge a zani, ta kai yatsa ɗaya ta shafi murfin, ta janye da sauri kamar wadda ta taɓa tukunya a kan murhu.

"Ba tawa ba ce, amana ce," in ji shi. "In ta lalace, aikin ya lalace."

Aikin kuwa ba ƙaramin abu ba ne a Tungar Daji. A da Lirwanu niƙan dutsen zinari yake yi kamar kowa, ya dawo gida fari fat, har gubar dalmar da ke cikin ƙurar dutsen ta shigo gari ta ɗebi yara. Cikin waɗanda ta ɗauka har da ɗansu na fari, Abubakar, wanda bai ko iya tafiya sosai ba. Daga baya aka zo aka kankare ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa, aka hana kowa shigo da dutse cikin gida. Lirwanu ya bar injin niƙa. Sun daɗe kafin Allah ya sake ba su haihuwa, 'ya mace, Zinatu. Tana rarrafe ne masu gwajin jinin yara suka ɗauki ubanta aiki, da yake ya ɗan yi makaranta. Zai riƙa bin ƙauyuka da kwamfuta yana shigar da bayanin yara, ƙarshen mako ya kai ta ofishinsu a Anka.

Babur ba abin hawa ba ne a wannan hanya, ƙararsa kaɗai ta isa ta kira 'yan daji. Sai keke. Keken ma da tasa wahalar, domin hanyar duk gargada ce da kwazazzabo, ga damina ta sauka.

Sambo mai faci, wanda ke zama a gindin tsamiyar bakin gari, shi ya fara tsorata Lirwanu. Ya dubi baƙar jakar kwamfutar da aka ba shi a wurin aiki, ya girgiza kai.

"Wagga jaka taka, ko makaho ya gan ta ya san da abu ciki. Ka rataya ta ka bi daji, ai kira kake yi a zo a karɓa."

Da la'asar Lirwanu ya sami Sa'a tana tankaɗe a tsakar gida, mahaifiyarsa Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa.

"Ki ɗinka min jaka da buhu, wadda duk wanda ya gani zai ce tsaba na ɗauko. Ciki kuma a sa abu mai taushi saboda gargada. Ina majanyin nan na saƙi da aka aiko miki daga Gummi? Shi ne daidai, kauri gare shi."

Rariya ta tsaya a hannun Sa'a.

Majanyin yana ƙasan akwatinta, a ninke. Da shi ta goya Abubakar tun ranar suna har ranar da aka kwance shi daga bayanta. Ko Zinatu ba ta taɓa goyawa da shi ba. Wani lokaci, in gida ya yi shiru, takan buɗe akwati ta sa fuskarta a ciki. Ba wanda ya sani. Ɗan fari ne, ɗan kunya. Yana da rai ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Ranar da ya rasu ba a ga hawayenta ba, har Inna tana yabonta wurin masu gaisuwa, tana cewa yarinya ce mai alkunya, ta san gidan da ta fito. To yau da wane baki za ta ce, a gaban Inna, wannan nasa ne, ba za ta iya bayarwa ba?

"Ɓera ya cinye shi," in ji ta, idonta a kan gari.

"Asha! To, ki dai san dabara. Da sahe za ni tahi."

Ta duba ɗaki, ba wani tsumma mai kauri. Sai ta tuna da tsofaffin buhunan da aka rufe saman akurki da su a bayan gida. Ta san na mene ne. Na zuba dutse ne, tun zamanin inji, masu kauri, ruwa bai cika ratsa su ba. Ta kwaso su ta fita bayan danga ta yi ta dukan su da sanda har ta ga ba abin da ke fita. Ta so ta wanke, amma hadari ya rufe rana, shi kuma ya ce danshi ne babban maƙiyin kwamfuta. Ta ce a ranta, guba ai a dutse take, dutsen kuwa an kwashe shi tun shekarun baya. Ta ninka su ta yi shimfiɗa ciki, ta rufe da buhun gero mai tsabta ta waje, ta bi da basilla. Abin da ya rage ta tufka shi ya zama igiyar ratayawa.

Jaka ta yi kyau. Lirwanu ya juya ta, ya danna, ya ce ko daga kan rumbu ta faɗo ba abin da zai sami kwamfuta. Bai yarda ya ɗaure ta a kariyar keke ba, ya ce can girgiza ta fi yawa. Yakan sa kwamfutar a leda, ya zura a jaka, ya goya a baya, ya tsuke igiya a ƙirji. In ya iso rafi sai ya sauka, ya ɗora ta a ka, ya ja keke da hannu ɗaya.

Sambo ya sami abin yi. Da ya hango shi sai ya ɗaga murya.

"Mai jego! Ya jariri ya kwana? An yi mishi wankan sahe?"

"Ya hi ka hankali, ba ya roƙon goro."

"Awo, ai ya gado ubansa wajen rowa. Yaushe za a yaye shi mu sha kunu?"

In ya dawo gida, kafin ya sha ruwa, sai ya fitar da kwamfuta, ya goge ta da tsumma na musamman, ya kwantar da ita a kan gado nesa da bango. Jakar kuwa, tunda buhu ce, a kan tabarma yake yar da ita. Zinatu haƙori yana fito mata, duk abin da ta samu baki take kaiwa. Ta gano igiyar jakar nan mai ɗan kaushi, ta kama ta da hannu biyu tana gurza dasashi. In tana kuka aka miƙa mata sai ta yi shiru. Sa'a har daɗi take ji, ta samu ta yi girki. Ɗan garin toka-toka da take gani a kan tabarma in an ɗaga jakar, ta ɗauka ƙurar hanya ce.

Gero ya fara fitar da kai a gona, Zinatu ta fara ƙin nono. Sai amai, sai kukan da ba dalili, sai ta kwanta lamo tana kallon waje ɗaya.

"Haƙori ne," in ji Inna. "Duk ɗiyan da na haifa haka sunka yi. Ki shafa mata zuma a dasashi, ki bar tada hankalin mutane."

Sa'a ta shafa. Amma ta san wannan kallon. Ta taɓa ganinsa a wasu idanun, ba ta kuma da damar cewa na wa. Da Lirwanu ya dawo ta bi shi ɗaki.

"Malam, da an gwada jininta."

Yana goge kwamfuta, bai ɗago ba.

"Gidana? Ni da ke yawo ina hana mutane? Ki duba ƙasar gidan nan, sabuwa ce. Rabona da inji shekara nawa? So kike a yi min dariya wurin aiki? Inna ta ce haƙori ne."

Ta juya ta fita. Ba ta saba maimaita magana ba.

Wata safiya yana tsuke igiya a ƙirji zai fita, Zinatu ta sanƙare a hannun uwarta. Idanu suka juye, ƙafafu suna karkarwa. Bai daɗe ba ya sake ta, amma Lirwanu ya ga abin da ya gani. Ya hau keke, ya dawo da Malam Mas'ud, abokin aikinsa mai gwaji, wanda ya kwana a ƙauyen gaba.

Malam Mas'ud ya ɗebi ɗigon jini a yatsar yarinya. Da sakamako ya nuna dalma a jinin, ya ɗauko na'urar auna ƙasa, wani abu mai kamar babbar tocila, ya shiga bin gida. Ya dangwala a tsakar gida, lafiya. Gindin murhu, lafiya. Turmi, bakin randa, ƙofar ɗaki, duk lafiya.

"Akwai mai zuwa inji a gidan nan?"

"Babu," in ji Lirwanu.

"Maƙwabci mai shigowa da kayan aiki?"

"Wallahi babu."

Ya dangwala a kan tabarma, ya tsaya. Ya sake. Daidai nan Zinatu, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta miƙa hannu wajen igiyar jakar da ubanta ya ajiye. Malam Mas'ud ya riga ta. Ya ɗauke jakar ya fita da ita tsakar gida, ya sa reza ya farke ɗinkin. Tsofaffin buhuna suka bayyana. Duk gargadar da keke ya taka ta girgizo abin da sanda ta kasa fitarwa, gari mai laushi ya zubo a kan ledar da ya shimfiɗa.

Lirwanu ya gane su. Ga jan fentin da yake shafa wa buhunansa don kar su gauraya da na wasu.

"Ke," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mi kika yi?"

Inna ta sa salati.

"Ba lokacin wannan ba ne," in ji Malam Mas'ud. "Yau za ta kwana asibitin Anka. Mota ba ta ƙetare rafi, ku kai ta bakin titi da keke, ni zan hau tudu in samu sabis in kira masu motar asibiti. Tabarmar nan da zanin goyon nan duk a ƙulle su a leda. A nemi wani abu mai tsabta a goya ta."

Ya tattara kayan ya fita. Sa'a ta shiga ɗaki. Duk zannuwanta sun taɓa tabarmar nan, in ban da abu ɗaya. Ta buɗe akwati ta zura hannu har ƙasa.

Ta fito da majanyin. Fari da ratsin shuɗi, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Lirwanu ya daɗe yana kallonsa.

"Kin ce ɓera ya cinye."

"Na Abubakar ne," in ji Sa'a.

Sunan ya fito mata da ƙarfi fiye da yadda ta yi nufi. Shi ne karon farko da ya taɓa fita daga bakinta.

"Ke, Sa'a!" Inna ta dafe ƙirji. "Sunan ɗan fari? A gabana? Ina kunyarki ta tahi?"

Sa'a ba ta waiwaya ba. Ta duƙa, ta ɗora Zinatu a baya, ta ja majanyin ta ɗaure tam. Ta ji kan yarinyar ya kwanta daidai inda wancan kan yake kwanciya.

Lirwanu ya fito da keke. Ya tsaya, ya dubi sama, hadari yana haɗowa daga gabas. Ya koma ɗaki ya fito da kwamfuta a cikin tsohuwar baƙar jakarta. Ba zai iya goya ta ba, tunda Sa'a za ta zauna a bayansa. Da ta hau kariya sai ya ɗora mata a cinya.

"Riƙe da hannu biyu. In munka shiga gargada ki ɗan ɗaga ta, kar ta bugu."

Ta riƙe. Suka wuce gindin tsamiya. Sambo ya ɗago, bakinsa ya riga ya buɗe da "Mai je...", sai ya ga goyon, ya mayar da kansa kan tayar da yake faci. Duk ramin da suka faɗa, kan Zinatu sai ya bugi bayan uwarta, ita kuwa ba hannun da za ta kai baya ta tallafe shi.

Zinatu ba ta mutu ba. Sun daɗe a Anka ana ba ta magani, sai bayan an yanke gero suka dawo. Amma wadda ta dawo ba ta juyowa da sauri in an kira ta. Sa'anninta suka tashi da gudu, suka fara cewa Inna da Baba, ita tana zaune inda aka ajiye ta. Malam Mas'ud ya ce a yi ta yi mata magana, wataƙila a dace. Don haka Sa'a, wadda a da maƙwabta ba su san muryarta ba, yanzu tun daga bayan danga ana jin ta tana kiran Zinatu, Zinatu, tana goye da ita a majanyin da ƙafafunta suka fara yi wa tsawo.

Lirwanu bai sake tayar da maganar buhu ba, bai kuma sake cewa ta ɗinka masa komai ba. Ya sayo jaka mai soso a Anka, yana zura ta a buhun gero sabo. Kullum da safe yakan goya, ya tsuke igiya, ya fita. Da aka duba kayan aiki a ƙarshen shekara, har yabonsa aka yi. Duk cikin masu bin ƙauyuka, kwamfutarsa kaɗai ce ko ƙwarzane ba ta yi ba.