Motar Janwe Tana Hanya

Hayaƙi na tashi daga injin, rana ta take, direban kuwa yana tsaye bakin kwalta da waya a kunne, yana sauraren wani kiɗan jira mai sanyi da ya fi zagi ciwo. A kujerar baya mahaifiyarsa ce kwance a cinyar matarsa, numfashinta na fita kamar ana jan zarto. Babban asibitin da aka tura su yana can gaba, su kuma ga su a dokar daji.

Da ƙyar wata yarinya ta ɗauka a kamfanin janwe, masu jan motar da ta lalace, inda ya yi rajista. Ya kwatanta mata inda yake, ya ce da mara lafiya a motar. Ta ce tsarin da ya shiga ƙarami ne, iyakarsa cikin gari. Ya rantse mata cewa ko'ina aka ce musu. Sai ta ce to, ya yi haƙuri, motar janwe tana hanya.

Shi fa ba wannan kamfanin ya so ba. Akwai wanda abokan sana'a suka gwada suka yaba. Amma shugaban ƙungiyar direbobi ya tara su a tasha, ya ce kowa na da 'yancin zaɓi, sai dai wanda bai zaɓi wannan ba ya nemi wani wurin lodi. Kowa ya san na surukin shugaba ne. Kowa ya sunkuyar da kai, har da shi.

Ya kira, ya sake kira. Motoci na wucewa a guje, ba mai tsayawa, don an sha tare mutane a hanyar da irin wannan dabara. Ya cire riga yana ɗagawa, yana tsine wa duk wanda ya wuce.

"Ɗan nan," in ji tsohuwa, "bar wayar nan haka. Zo ka riƙe hannuna."

Sai da la'asar wani mai tifar yashi ya tausaya ya tsaya. A gaban tifar tsohuwar ta cika, suna hango ginin asibitin.

* * *

Bayan an share makoki ya nufi ofishin kamfanin. Ya tarar da shago a garƙame. Telan da ke maƙwabtaka ya ce ba sa buɗewa sai lokacin sabunta rajista. Daga nan bai zame ko'ina ba sai gidan shugaba.

Shugaba ya tarbe shi da doguwar ta'aziyya, ya ce kwana ne ya ƙare, ko jirgi aka aiko da sai ta tafi.

"Kwananta na Allah ne, ranka ya daɗe," in ji direban. "Ƙaryar fa, ta wa ce?"

Shugaba ya gyara hula, ya ce zafin rashi ne, ya yafe masa. Ya kuma tuna masa cewa layin lodi ba gadon kowa ba ne.

Direban ya tuna bakunan da ke jiransa a gida, ya haɗiye sauran maganar. Wajen fita ya ɓata hanya ya bi ta bayan gida. Nan ya gan ta: motar janwe, da sunan kamfanin ɓaro-ɓaro a ƙofarta. Ba taya ko ɗaya, an ɗora ta kan bulo, ciyawa ta tsiro ta ƙarƙashinta. Daga ƙugiyarta an ɗaura igiya zuwa katanga, an shanya kayan yara suna ɗigar ruwa.