Askin Barkonon Illo

Shekara ta biyu ke nan ruwan sama ya ƙi ƙauyen Tsamaye, kuma cikin shanun Illo talatin da ɗaya, saniya guda tak ta rage. Don ita kaɗai ya yarda ya duƙa noman rani a fadama, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba. Maƙwabcinsa Baba Yari, tsohon manomi, ya yanka masa fangali shida, ya ba shi dashen barkono. Burin Illo ɗaya ne: barkono ya nuna, ya sayar, ya sayi dussa, saniya ta kai damina.

Barkono ya yi kyau har ya fara 'ya'ya. Sai rijiyar da yake ban ruwa da ita ta fara ja da baya. Guga goma da safe, daga nan sai laka. Da rana ganye ya langaɓe, Illo ya tsaya yana kallo, takaici kamar ya kashe shi.

To, makiyayi ne fa. Abin da ya sani, in ruwa ya yi kaɗan, rage garke ake yi. Kuma tun yana yaro yake sassabe rassan gawo ya ba shanu, gawo ya sake toho. Ai kuwa ya zaro wuƙa ya hau barkono da aski.

Baba Yari ya iske shi a fangali na biyu.

"Subhanallahi! Illo, mi kake yi haka?"

"Baba, ganyen ga ne ke shanye ruwan. Za ni rage shi, 'ya'yan su samu, ya sake toho kamar gawo."

"Kai, wannan ba gawo ba ne! Ganyen shi ne rumfarsu. Nemi ciyawa ka rufe gindi, danshi ya zauna."

Ran Illo ya ɓaci. "Ciyawa? Da ina da ciyawa, ƙasa za ni ba ko saniyata?"

Tsoho ya kaɗa kai ya tafi. Illo ya aske fangali shidan tas, don wajen taurin kai ba a bar shi a baya ba.

Kwana uku rana ta gama da shukar. 'Ya'yan barkono suka yi fari ta gefe guda, suka lotsa, suka dinga zuba. Ya tsince na kirki, ko ƙwarya ba su cika ba.

Abin haushi, bayan mako guda sai ga toho, kore shar, kamar yadda Illo ya faɗa.

Baba Yari ya duƙa ya duba. "Ka yi gaskiya, ya farfaɗo. Ba shi kwana arba'in, ka ga barkono."

Kwana arba'in! Saniyar da ake ƙirga haƙarƙarinta daga nesa?

Ranar kasuwar Sabon Birni ya kwance ta, gara ya sayar tun da ranta. Ya ja igiya, ya kira sunanta, ya tallafi ƙugunta. Ta yunƙura sau biyu, ta koma ta kwanta. Ya daɗe tsaye, igiya a hannu, kafin ya tafi kiran mahauci.