Shinkafar Tafki Ta Yi Ƙarar Kawu Alvin

Verna Beaulieu ce ta fi kowa tsayawa kai da fata sa'ad da majalisar ƙabilarsu ta Ojibwe ta kafa dokar nan: shinkafar tafki, wadda suke kira manomin, mai rai ce, tana da haƙƙin ruwa mai tsabta, tana kuma iya kai ƙara kamar kowa. Da yake shinkafa ba ta da baki, Verna aka naɗa ta riƙa magana da yawunta.

Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne. Ƙanƙara ta daina kama tafkin yadda ta saba, ruwan sama kuma ya koma zuba kamar da bakin ƙwarya daidai lokacin da ganyen shinkafar ke kwance bisa ruwa, ya tumɓuke shi da saiwa. Ga kamfanin haƙar ma'adinai can sama da tafkin yana sako dauɗarsa cikin ruwan. Verna ta maka kamfanin a kotun ƙabila. Lauyoyinsa ko leƙowa ba su yi ba, wai kotun ba ta isa ta kira su ba, alƙalan gwamnati kuma suka ce gaskiyarsu.

Sai aka bar jaki aka koma dukan taiki. Bana dattawa sun rufe tafkin don ɗan abin da ya nuna ya zube ya zama iri, sai ga mai gadi ya kama Kawu Alvin, wan mahaifiyar Verna, cikin kwalekwale da rabin buhu. Matarsa ta cika shekara da rasuwa, ba a kuwa taron tunawa da mamaci babu manomin a tukunya. Abin takaici, wannan ita ce shari'ar farko da shinkafa za ta iya ci, kuma Verna ce bakinta.

Ta same shi zaune a ƙofar kotu, ranta a ɓace.

"Haba Kawu! Duk garin nan a rasa wanda zai taka dokar sai kai?"

"Wace doka na taka, 'yar nan? Ba ku kuka ce mutum ce ba?"

"Mu muka ce."

"To, na je wurinta. Na zuba mata taba a ruwa yadda aka koya mana, na gaya mata ta taron tunawa da gwaggonki ce nake roƙo. Ina taɓa ta da sanda ta zubo da kanta. Mai abu ta ba ni, sai na koma neman izinin 'yan majalisa?"

"Kawu, nunanniya ko iska ta taɓa ta zubowa take yi."

"Au, ke kin fi ni jin maganarta ke nan? Yaushe aka haife ki?"

Verna ta san bai yi ƙarya ba, ta kuma san in aka ƙyale shi, gobe kwalekwale goma za su shiga, kowa ya ce ya tambaya an ba shi, baɗi a wayi gari babu ko tsinke. Ta ji kamar ta kurma ihu. Masu kashe tafkin suna can suna shan iska, ita an bar ta da tsoho mai makoki.

Ta shiga ta tsaya ta faɗi abin da ya wajaba. Alƙaliya ta ce a mayar da shinkafar cikin ruwa tun ba ta bushe ba, shi kuma kada ya sake shiga tafkin sai bayan kaka biyu.

Kawu Alvin ya miƙe da ƙyar, ya dafa benci, ya dubi Verna ba tare da fushi ba, abin da ya fi ƙona mata rai.

"Na ji na yarda," in ji shi. "Amma na doshi tamanin, 'yata. Tunda ke ce mai jin maganarta, ki tambayar mini ita ko za ta jira ni."