Sunan da Gwaggo Mai Wanki Ta Kasa Faɗa

Ana gobe taron canza wa garinmu suna, na ji wani sauti da dare ta bangon da ya raba ɗakina da na Gwaggo Mai Wanki. Ba kuka ba ne, ba tari ba. Kamar mutum ya ɗauko magana daga ciki, ta iso maƙogwaro ta maƙale, ya haɗiye, ya sake ɗaukowa. Ni mai gyaran agogo ne, kunnena ya saba da ƙaramin motsi. Ina ta saurare har barci ya sace ni.

Garin namu sunan wani mutum aka sa masa, wanda ya tara dukiyarsa da sayar da mutane. Har yau akwai zobban ƙarfe huɗu a bangon bayan kasuwa, inda yake ɗaure su. Ina yaro nakan zura hannu a ciki in tsaya shiru, in ji ko ƙarfen zai gaya mini wani abu. Mu dai mun taso muna kiran sunan kamar yadda ake kiran ruwa. Amma zuri'ar waɗanda aka ɗaure, su Gwaggo, ba sa faɗarsa. Kakanninsu ne suka rantse. Sai su ce "cikin gari" ko "inda muke". In suna wata tasha za su dawo gida, sai su jira ɗan kamasho ya kira, su ɗaga hannu.

Gwaggo ta taɓa karya rantsuwar saboda Dogo, ɗanta tilo. Jikinsa ya girma, hankalinsa ya tsaya a na ɗan shekara shida. Tsoron kada ya ɓata ya sa wata rana ta kulle ƙofa ta yi ta raɗa masa sunan garin a kunne har ya zauna. Abu uku ya sani a duniya: sunansa, sunanta, da na garin. Ba a rufa shekara ba ya bi wata motar kaya, wai zai taya su sauke buhuna, bai dawo ba. Shekara goma sha tara ke nan. Danginta suka ce bakinta ne ya jawo, ita ma ta yarda.

Da safe ina shimfiɗa ƙananan kayan aikina a teburi, Tela maƙwabcinmu ya leƙo ta tagarsa.

"Mai Agogo, ka shirya? Yau za mu kwana a wani gari ba mu biya ko sisin mota ba."

"Kai ko ina aka kai ka, wandon mutane ba zai fito kan lokaci ba," na ce.

Muna cikin haka Gwaggo ta fito, hannunta duk kumfa. Ta tsaya a gaban teburina.

"Kai da ka yi boko, karanta mini takardar da aka manna a jikin famfo."

"Rabin boko, Gwaggo. Amma na karanta. Sun ce za a shafe tsohon sunan ko'ina. Sai dai in wani cikin zuri'arku ya tashi a taro ya ambace shi da bakinsa, ya ce a bar shi. To za a bar shi da ƙananan baƙaƙe a ƙasan allon tasha, a bar 'yan kamasho su riƙa haɗawa da shi."

Tela ya yi dariya. "Wayo ke nan. Sun san ba mai faɗa."

"Ni zan faɗa," in ji Gwaggo. "Shi kaɗai ne sunan da Dogo ya sani."

Nan na gane abin da na ji da dare. Gwaji take yi.

A ajin makaranta aka yi taron, manya a takure kan bencin yara. Akwai agogon bango da ya makara da minti ashirin, ya yi ta cin raina. Tsohon hedimasta ne shugaba. Ya yi bayani mai kyau, har wasu suka share hawaye, ya ce sabon sunan na ƙoramar da ke bayan gari ne. Tela ya raɗa mini cewa ƙoramar ma ta ƙafe tun yana goye. Aka tafa. Ni ma na tafa, don gaskiya sunan nan bai cancanci a kira shi ba.

Sai hedimasta ya ce, "Akwai mai magana cikin zuri'a?"

Gwaggo ta dafa benci ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, a bar shi a tasha."

Ɗan wanta, wani mai walda da ya fi kowa wahala a kan wannan canji, ya juyo.

"Haba Gwaggo! Ke?"

"Ɗana, ɗan'uwanka yana hanya."

"A bar me, Gwaggo?" in ji hedimasta a hankali. "Ambace shi, magatakarda ya rubuta. Haka muka tsara."

Ta buɗe baki. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Sautin nan ya fito, ya tsaya. Ta kalli danginta da suka cika benci biyu, babu wanda ya ɗago kai. Ta sake gwadawa. Wata tsohuwa cikinsu ta ce, ba da ƙarfi ba, "Wancan karon ɗa ya tafi. Wannan karon wa kike so ya tafi?"

Gwaggo ta rufe baki da hannu biyu.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na faɗi sunan, har sau biyu.

"Zauna, Baba," in ji mai walda. "Kakanka aka ɗaure?"

Na zauna. Magatakarda ya jira, alƙalami a sama, har hedimasta ya girgiza masa kai.

Cikin mako guda mai fenti ya bi gari da bokitinsa. Ya shafe tsohon sunan da ke allon asibiti, na makaranta, na ofishin ruwa, na tasha a ƙarshe. Direbobi suka goge na jikin motocinsu. Aka kai sanarwa tashoshin nesa, aka ja kunnen 'yan kamasho. Na je na tsaya a gaban sabon allon. Rubutu mai kyau, fari a kan shuɗi, an bar fili a ƙasa da zai ci ƙananan baƙaƙe.

Ranar da na dawo daga can, na tarar da Gwaggo a ƙofar gida tana shanya kayan mutane a igiya. Ba ta tambaye ni abin da na gani ba. Na zauna a teburina na buɗe bayan wani agogo da ba abin da ya same shi. Mai walda ya zo wucewa, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa kamar kullum, har ta sa masa albarka.

Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya leƙo, babu wasa a fuskarsa.

"To ni ku gaya mini. In Dogo ya isa wata tasha gobe, ya faɗi abin da uwarsa ta koya masa, wa zai nuna masa mota?"

Mai walda ya kalli ƙasa. Gwaggo ta ɗauko wata riga daga baho ta matse.